Masu Taka Ƙasa Saboda Latin: Abin da Na Gani a Hanyar Chartres

Daga birnin Paris zuwa garin Chartres tafiyar kilomita ɗari ce in aka bi ta gonaki da dazuzzuka, wato ta ɗan ɗara nisan Birnin Konni zuwa Sakkwato. Jirgin ƙasa yana cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Amma kowace shekara, idan idin da Kiristoci ke kira Fentikos ya zagayo, dubban 'yan Katolika sukan bar mota da jirgi su taka ta da ƙafa cikin kwana uku, kwana a tanti, abinci burodi da romon ganye. Gafarar Allah suke nema kamar kowane mai ziyarar ibada. Bayan wannan kuma suna da saƙo ga shugabannin cocinsu: ba su yarda a binne tsohuwar sujadarsu ta harshen Latin ba.

A watan Mayu na 2023 wani ɗan gajeren horo kan noman rani ya kai ni Faransa. Mai masaukina injiniyan ruwa ne, magidanci mai 'ya'ya da yawa, kuma yana cikin masu aikin sa kai da ke jigilar kayan matafiyan. Da ya ce in zo in gani, na tuna masa cewa ni Musulmi ne. Ya ce ya sani, ba wanda zai tambaye ni addinina, abin da suke nema shi ne hannun da zai ɗaga jaka. Haka na shiga, wani lokaci a cikin babbar mota da jakunkuna, wani lokaci a ƙasa a gefen ayari.

Tun duku-dukun Asabar, 27 ga Mayu, dandalin cocin Saint-Sulpice ya cika maƙil. A da daga babban cocin Notre-Dame ake tashi, sai gobarar Afrilun 2019 ta sa aka koma nan. Mutum 16,000 suka yi rajista a 2023, kuma shi ne karo na farko da masu shirya tafiyar suka rufe rajista tun ranar ba ta zo ba, domin filayen kwana ba za su ɗauki fiye da haka ba. Na zo da zaton zan tarar da tsofaffi masu kewar zamanin da ya shuɗe. Abin da na tarar samari ne da 'yan mata, mafi yawansu ba su kai talatin ba, da matan aure masu goyo, da yara 'yan sikawut da gajerun wanduna. Waɗanda aka haifa shekaru arba'in bayan an sauya tsarin sujadar su ne suka fi ɗaga murya wajen rera ta.

Wanda ya saba ganin cocin Katolika daga nesa zai ɗauka komai daga sama yake saukowa, daga Paparoma zuwa bishop, daga bishop zuwa fada. A wannan tafiya ba haka na gani ba. Ƙungiyar da ke shirya ta, Notre-Dame de Chrétienté, ta gama-garin mabiya ce, kuma shugabanta a lokacin, Jean de Tauriers, ba limami ba ne. An kasa jama'a rukuni-rukuni, kowanne mutum arba'in ko hamsin, da gicciyensa na katako da tutarsa mai sunan wani waliyyinsu. Jagoran rukuni ɗalibi ne ko ma'aikaci ko uwar 'ya'ya, riƙe da ƙaramar lasifika, yana karanto nasiha, yana ja musu carbi cikin waƙa, yana ba da lokacin yin shiru. Limamai da dogayen baƙaƙen rigunansu suna tafe ne a tsakanin rukunoni, wanda ke son furta zunubansa ya ja baya ya jera da ɗayansu, suna tafe suna magana ƙasa-ƙasa. Ruwan sha, tantuna, banɗakuna, tare hanya don ayari ya tsallaka kwalta, duk aikin 'yan sa kai ne da suka ɗauki hutu daga wurin aiki, kuma kowane matafiyi da kuɗinsa ya yi rajista. 'Yan agajin Ordre de Malte suna bakin hanya suna ɗaure ƙafafun da suka yi bororo.

Asalin rigimar ba ta da wuyar fahimta. Ɗaruruwan shekaru 'yan Katolikan Yamma suna yin babbar sujadarsu, wadda suke kira Mas, da harshen Latin, bisa littafin da Paparoma Pius na Biyar ya daidaita a 1570, wanda bugunsa na ƙarshe ya fito a 1962. A wannan shekarar aka buɗe babban taron bishop-bishop na duniya, Vatican na Biyu, aka rufe shi a 1965. Takardar da taron ya fitar kan ibada a Disambar 1963 ta ce a riƙe Latin, amma a ba harsunan jama'a wuri. Da aka zo aiki, harsunan jama'a suka mamaye wurin duka. A 1969 Paparoma Paul na Shida ya fito da sabon tsari, kuma cikin 'yan shekaru limami ya juyo yana fuskantar jama'a, addu'o'i suka koma Faransanci da Ingilishi da Hausa, tsohon littafi ya koma kabad.

Waɗanda suka fara cewa a'a ba masu rawani ba ne. A 1964 wata mata 'yar Norway, Borghild Krane, ta yi kira ga mabiya su haɗa kai su kare Latin da tsohuwar ƙira'ar coci. A ƙarshen wannan shekara aka kafa ƙungiyar Una Voce a Paris, a 1965 aka kafa Latin Mass Society a Ingila, daga baya suka dunƙule cikin tarayyar ƙasa da ƙasa ƙarƙashin wani lauya Bajamushe, Eric de Saventhem. A 1971 'yan Ingila suka tattara sa hannun fitattun marubuta da mawaƙa sama da hamsin, ciki har da waɗanda ba Katolika ba kamar Agatha Christie da Yehudi Menuhin, suka roƙi Paparoma kada ya bari wannan gado ya mutu, ya kuwa ba Ingila da Wales izini na musamman. Daga nan aka yi ta ja, a saki kaɗan, a ƙara ja. John Paul na Biyu ya sassauta a 1984 da 1988. Benedict na Sha Shida ya buɗe ƙofa sosai a ranar 7 ga Yulin 2007, ya ce kowane limami yana iya yin tsohuwar sujada ba sai ya nemi izinin bishop ba. Ranar 16 ga Yulin 2021 Paparoma Francis ya sake tsuke ta: sai da yardar bishop, ban da cocin unguwa, ban da kafa sababbin rukunoni. Mutanen da na bi suna tafe ne da zafin wannan doka ta ƙarshe a zuciya.

Ranar Lahadi da rana aka tsaya a wani makeken fili kusa da dajin Rambouillet. Na koma can baya inda motocin kaya suke, na tsaya ina kallo. An kafa bagadi ƙarƙashin rumfa. Limamin ya ba jama'a baya, shi da su duk suna fuskantar wuri ɗaya. Mawaƙa suna rera Latin da murya ɗaya, ba ganga, ba jita, wata irin ƙira'a mai hawa da sauka a hankali wadda ba ta neman kowa ya motsa kafaɗa. Huɗuba kam da Faransanci aka yi ta. Can tsakiyar sujadar sai limamin ya sauke murya har ba mai jin sa, dubban mutane suka durƙusa a kan ciyawa, filin ya yi tsit. Yaran da ɗazu suke guje-guje su ma suka natsu. Ƙaramar ƙararrawa ce kawai ke sanar da jama'a inda aka kai. Da aka zo karɓar jibi, wato ɗan burodin ibada da liman ke raba musu, kowa ya durƙusa aka sa masa a harshe, ba wanda ya miƙa hannu.

Ba aƙidata ba ce, kuma ban matsa daga tawa ko taku ɗaya ba. Amma ƙarya zan yi in na ce abin ya zame mini baƙo. Mu da muke bin liman sahu-sahu, fuskarmu da tasa duk alƙibla, muna sallar azahar da la'asar a asirce, muna karanta Fatiha da harshen da yawancinmu ba ma cinikin albasa da shi, mun fi Bafaranshen da ya daina zuwa coci saurin gane abin da waɗannan mutane ke karewa. Bahaushe da Bazabarme da Bature Musulmi sukan tsaya sahu ɗaya a Makka ba tare da tafinta ba. Haka na ga Bajamushe da Ba'amurke da ɗan Gabon suna amsa addu'a ɗaya a filin nan, alhali da za a bar su su yi hira da sai da hannu. Tarihin Musulmi ma ya ɗanɗana irin wannan: a 1932 gwamnatin Turkiyya ta mayar da kiran salla harshen Turkanci, aka yi shekara 18 a haka, talakawa ba su taɓa haɗiye abin ba, har aka dawo da Larabci a Yunin 1950. Bambancin shi ne, a can gwamnati ce ta taɓa ibada, a nan kuwa shugabannin addinin ne da kansu, kuma wannan ya fi ciwo, domin wanda za ka kai wa kuka shi ne ya yi hukuncin.

Da yamma a sansanin Gas, wata dattijuwa da ke rabon romo ta ba ni labarinta yayin da muke jiran ayari ya iso. Tana budurwa aka yi sauyin. Ta ce wata Lahadi suka je coci suka tarar an kawo tebur an ajiye a gaban tsohon bagadi, an cire shingen da suke durƙusawa, littafin addu'ar da mahaifiyarta ta gada ya zama ba shi da amfani. Ba wanda ya tambaye su. Shekara da shekaru ita da mijinta suna tuƙa mota mai nisa kowace Lahadi zuwa inda wani tsohon limami ke yin sujadar a ɗakin haya, su ke biyan haya, su ke wanke kayan bagadi, su ke koya wa yara ƙira'a. Na ce mata, “Madam, ba ki gaji ba?” Ta nuna mini layin matasan da ke shigowa suna ɗingishi, ta ce jikokinta suna ciki, ta ci gaba da zuba romo.

Duk da haka ban yarda da duk abin da na ji ba, kuma na faɗa wa mai masaukina. Wasu a cikinsu suna magana kamar sujada da harshen uwa faɗuwa ce. Na ce masa ni daga Nijar na fito, ƙasar da Kiristoci 'yan tsiraru ne, na kuma san abin da harshe ya yi musu. Tun 1932 aka fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa. A Galmi, inda 'yan mishan na SIM suka buɗe asibiti a 1950, da Hausa ake wa'azi ana waƙa. 'Yan Katolikan yankinmu, waɗanda ke ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun da aka kafa wannan dayosis a 2001, da Faransanci da Hausa suke sujada, kuma tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana jin abin da ake karanta mata. Wannan ba ƙaramar riba ba ce. Magabatanmu ma sun san haka. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, da 'yarsa Nana Asma'u, salla da Larabci suka bar ta, amma karantarwa da waƙen wa'azi da Fulatanci da Hausa suka yi su, don manomi da matar kulle su gane. Sufayen Keur Moussa a Senegal, waɗanda suka fito daga gidan Solesmes na Faransa, cibiyar tsohuwar ƙira'ar Latin, sun haɗa wannan ƙira'a da kiɗan kora tun shekarun 1960, ba su kuma zubar da mutuncin ibada ba. Mai masaukina ya saurara, ya ce shi bai nemi a hana kowa nasa ba, nasa yake roƙo a bar masa. Wannan amsa ta gamsar da ni. Ba kowa ne a ayarin zai ba da irinta ba.

Afirka tana cikin wannan labari fiye da yadda na zata. Marcel Lefebvre, bishop ɗin da ya fi kowa suna wajen bijire wa sauyin, ɗan mishan ne a Gabon tun 1932, ya zama wakilin Paparoma a ƙasashen Afirka rainon Faransa daga 1948 zuwa 1959, ya riƙe Dakar har 1962. Wato a zamanin da ake Mas da Latin a Yamai da Damagaram, shi ne babban idon Rum a yankin. A 1970 ya kafa ƙungiyar limamai ta Pius na Goma a Suwizalan, kuma ranar 30 ga Yunin 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, aka yanke shi daga coci. Wannan ya raba masu tafiyar Chartres gida biyu har yau: waɗanda suka zauna ƙarƙashin Paparoma suna tashi daga Paris zuwa Chartres, mabiyan Lefebvre kuma a kwanakin nan guda suna tashi daga Chartres zuwa Paris. Wata ƙungiyar limaman Latin, ta Kristi Sarki, a Gabon aka kafa ta a 1990. A Najeriya akwai masu wannan sujada a Umuaka ta Jihar Imo, inda Fada Evaristus Eshiowu ya kafa cibiya, akwai kuma mabiyan Lefebvre a Enugu. A 2018 Kadinal Robert Sarah, ɗan ƙasar Gini, shi ya ja sujadar rufe tafiya a Chartres.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba zan ɓoye shi ba. Tutocin Faransa sun yi yawa a ayarin, wasu da hoton zuciya da gicciye a tsakiya, wasu da furen gidan sarautar da aka kifar. Cikin waɗanda suka assasa tafiyar a 1983, bayan sun ga irinta a Czestochowa ta Poland, akwai Bernard Antony, wanda ya zama ɗan majalisar Turai na jam'iyyar Front National, mai adawa da baƙi. Ɗan Konni ba ya kallon tutar Faransa a hannun samari masu tafiya a jere ba tare da ya tuna watan Mayun 1899 ba, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa garinmu ta karkashe jama'a. Gaskiya ce wannan runduna ta gwamnatin jamhuriya ce, ba ta coci ba, kuma yaran da na gani carbi ke hannunsu. Ba wanda ya yi mini kallon banza. Da na shimfiɗa darduma a gefen gonar alkama don sallar magariba, wadda a can sai wajen ƙarfe goma saura take yi a wannan wata, wani saurayi ya janye abokansa don kada su gitta ta gabana. Amma na ji maganganu kan Musulunci da baƙin haure daga bakin wasu manya waɗanda ba su da alaƙa da Latin ko kaɗan. Hujjar da Paparoma Francis ya bayar ta tsuke dokar ita ce wasu sun mayar da tsohuwar sujada makamin ƙin taron Vatican na Biyu da raba kan coci. Wanda ya saurari irin waɗannan manya zai san ba daga iska ya ɗauko zancen ba. Kuskurensa, a ganina, shi ne ya hukunta dattijuwar romo da laifin 'yan siyasa.

Su ma sun yi mini tambayar da ta yi nauyi. Da suka ji daga Nijar nake, sai aka tambaye ni majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, da Fada Pier Luigi Maccalli da aka sace a Bomoanga a 2018, bai kuɓuta ba sai 2020. Na ce musu abin kunya ne, malamanmu da yawa sun yi tir da shi, kuma akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Wanda ke son a mutunta dardumarsa a gonar Faransa dole ya mutunta cocin maƙwabcinsa a Konni.

Ranar Litinin da hantsi, a shimfiɗaɗɗen filin alkama na Beauce, hasumiyoyi biyu na cocin Chartres suka ɓullo daga nesa, ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo. Rukunin da ya hango su sai ya ɓarke da waƙa, masu ɗingishi su miƙe. An gina yawancin wannan coci ne bayan gobarar 1194, aka keɓe shi a 1260, kuma a ciki suke ajiye wani mayafi da suka yi imani na Nana Maryamu ne, wanda sarki Charles mai Sanƙo ya ba garin a 876. Marubucin nan Charles Péguy ya taka wannan hanya a 1912, shi ya farfaɗo da sunanta a zamanin nan. A shekarun farko an sha rufe wa waɗannan matafiya ƙofar cocin, suna sujada a waje. Yanzu ƙofa a buɗe take, ƙararrawa na kaɗawa, sai dai cocin ba ya ɗaukar ko rabinsu, saura suna durƙushe a dandali da tituna suna bi ta manyan allunan talabijin. Thomas Gullickson, Ba'amurke, tsohon jakadan Vatican a Suwizalan, shi ya ja sujadar a 2023. Ni kuwa a lokacin muna can muna jera dubban jakunkuna bisa launin ƙyallen da aka ɗaura wa kowace, don kowa ya sami tasa kafin jirgin komawa Paris.

Rigimar ta 'yan Katolika ce, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da baƙo zai iya shaida shi ne wannan: takardun Rum sun buɗe sun rufe sau da yawa tun 1969, amma abin da ya hana tsohuwar sujada mutuwa shi ne iyayen da suka biya hayar ɗaki, suka tuƙa mota, suka koya wa 'ya'yansu ƙira'a da dare. Suna da haƙƙin a bar su su yi ibada yadda kakanninsu suka yi, kuma za su fi samun wannan haƙƙi ranar da suka raba carbinsu da tutar jam'iyya. A 2024 matafiyan sun kai 18,000, a 2025 suka kai 19,000. Paparoma Francis ya rasu a Afrilun 2025, Leo na Sha Huɗu ya gaje shi, kuma a ranar 25 ga Oktoban 2025 aka bar Kadinal Raymond Burke ya yi tsohuwar sujadar Latin a cikin babban cocin Saint Peter na Rum, alhali a lokacin dokar 2021 tana nan ba a janye ta ba.